Yadda ƙaramin gari zai shirya bikin farauta da zanen namun daji ba tare da ya ƙarar da dajinsa ba

Duk wanda ya san gayyar farauta a ƙasar Kano ko Jigawa ya san yadda take ƙarewa a 'yan shekarun nan. Mota uku ko huɗu maƙil da samari da karnuka, a wuni ana kora, a dawo da zomo biyu da gafiya da kurege, wani lokaci har da mutum ɗaya da aka yi wa rotse a kan rigimar karen wa ya fara kamawa. Gwanki da barewa da tuje kuwa sai dai a ji su a bakin makaɗa.

Bikin da wannan jagora ke bayani a kai na kwana uku ne, sau ɗaya a shekara: farauta mai ƙa'ida, gasar zane da sana'ar hannu a kan namun dajin yankin, da tara kuɗin da za a yi gadin dajin da su. Sharaɗinsa guda ne, in babu shi kada ma a fara: dajin da za a yi farautar a cikinsa a rufe yake duk sauran kwanakin shekara. Bikin ne ke buɗe shi, bikin ne ke mayar da shi a rufe. Haka Argungu ta yi da ruwan Matan Fada, ana hana su a wurin sai ranar biki, shi ya sa ake samun manyan kifaye. A Amurka ma tun 1934 mai son harbin agwagin ruwa sai ya sayi wani kan sarki na musamman. Hoton tsuntsun da ke jikinsa ta hanyar gasar zane ake zaɓo shi tun 1949, kuma kusan duk kuɗin, kashi 98 cikin 100, fadamun da tsuntsayen ke sauka ake saya ko a kare da su.

Daji ake fara nema, ba filin taro ba

Kwamitoci da yawa da rumfa da kujeru da babban baƙo suke farawa. Ku fara da taka dajin da ƙafa, wata takwas ko tara kafin ranar da kuke hari. Abin nema shi ne daji na al'umma: tsohon kurmi, bakin fadama, tudun da ba ya nomuwa, ko saurar da masu ita suka yarda su bari. Ko eka ɗari biyu ce ta isa a fara, muddin akwai ruwa ko inuwa mai kauri a ciki.

Wuri biyu ba a ko tunaninsu. Dajin Falgore da ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, da fadamar Baturiya ta ƙaramar hukumar Kirikasamma, gandun gwamnati ne. Baturiya tana cikin jerin fadamun Ramsar, wato fadamun da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta ware don muhimmancinsu, tun 2008, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da su biyun gandun daji na ƙasa. Garin da ke maƙwabtaka da su zai iya kai baƙinsa kallon tsuntsaye da izinin ma'aikatan gandu, amma farautarsa a waje za ta kasance, nesa da iyaka. Haka nan ku binciki taswirar ƙaramar hukuma kada ku ɗora shirin a kan burtali ko makiyaya, don wannan rigima ce da ba ta ƙarewa.

In an sami dajin, a raba shi uku. Kashi mafi kauri, wanda ruwa yake ciki, shi ne cibiya: ba a farauta a nan har abada, ko ranar biki. Sauran biyun ana karɓa-karɓa, bana gabas, baɗi yamma. Dalili a fili yake. Abin da ya tsira ranar kora cibiya yake gudu, a nan yake hayayyafa, daga nan yake sake cika gefunan. A shafa jan fenti a jikin bishiyoyin iyaka duk taku hamsin, daidai tsayin ƙirji, a kuma ɗauki wurin a wayar da ke nuna taswira. Dutse ko turke ba ya wadatarwa, dare ɗaya ake matsar da shi.

Waɗanda za a zauna da su

Ta hannun mai unguwa ko bulama ake shiga, zuwa dagaci, zuwa hakimi, shi ya sanar da masarauta. Wanda ya tsallake wannan tsani ya je da takarda daga birni zai yi bikin sau ɗaya ne kawai. Amma mutumin da komai ya rataya a wuyansa shi ne Sarkin Baka ko Sarkin Dawa. In maharba suka ɗauka an zo raba su da gadonsu ne da sunan raya daji, da dare za su shiga, kuma babu mai gadin da zai kama su, don sun fi kowa sanin hanya. Saboda haka a gaya musu tun zaman farko cewa gadin dajin nasu ne, albashin gadi nasu ne, alƙalancin ranar farauta ma nasu ne.

Kwamiti kada ya wuce mutum goma sha ɗaya: wakilin dagaci, maharba biyu, Sarkin Noma, Arɗo, Sarkin Ruwa in garin na da masunta, liman ko wakilinsa, shugaban makaranta, mata biyu daga masu sana'a, da matashi ɗaya mai iya rubutu da lissafi. Arɗo ake yawan mantawa, alhali shanunsa ne ke kwana kusa da dajin, kuma karnukan farauta awakinsa suke fara faɗa wa. A daidaita da shi kan watannin da dabbobi za su iya shiga gefuna su yi kiwo, da hana sassabe reshen gawo da marke a cibiya.

Liman yana da aiki fiye da buɗe taro da addu'a. Keɓe daji ba baƙon abu ba ne a Musulunci: Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyadina Umar ya keɓe Rabaza. An kuma hana a mayar da mai rai abin gwajin harbi. Huɗuba ɗaya a kan wannan kafin biki ta fi takardar sanarwa ɗari. Duk abin da aka amince a rubuta shi da boko da ajami, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a ajiye kwafi a gidan dagaci da sakatariyar ƙaramar hukuma.

Ƙidaya kafin kisa

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ha'inci. Ba a yanke yawan abin da za a kama da ka. Ƙirgawa ake yi.

A fitar da layuka miƙaƙƙu cikin dajin, kowanne tsawon kilomita ɗaya zuwa biyu, tsakanin layi da layi aƙalla mita 500. A sa wa farko da ƙarshen kowanne alama ta dindindin, don waɗannan layukan za a riƙa bi kowace shekara. Kowane layi mutum biyu: maharbi mai ido, da ɗalibi mai littafi. Ba kare, ba makami, ba hira. Ana tashi da gari ya waye bayan sallar asuba, a gama kafin ƙarfe tara, kuma dukkan layukan a lokaci ɗaya ake bin su. In aka bi su ɗaya bayan ɗaya, garken zabin da aka tasa a layin farko shi za a sake ƙirgawa a na biyu, lissafi ya kumbura. Ɗalibi ya rubuta irin dabbar, yawanta, lokaci, da ko ido ne ya gan ta ko sawu ko kashi aka gani. Zomo da gada ba su cika fitowa da safe ba, su da dare ake bin layin da tocila mai ƙarfi a daren da babu farin wata.

A maimaita sau uku cikin mako biyu, a watan Nuwamba ko farkon Disamba. A haɗa jimlar kowace rana, a ɗauki ta tsakiya, ba mafi yawa ba. Shawararmu ga dajin da aka fara rufewa ita ce ɗaya cikin goma na abin da ido ya gani. An ga zabi tamanin, a kama takwas. An ga zomo talatin, a kama uku. Maharba za su ce wannan wasa ne, kuma a shekarar farko da gaskiyarsu. A jure. Zabo da fakara da zomo da gafiya masu saurin hayayyafa ne, in sun sami damina biyu babu mai damunsu ana ganin bambanci. Gada ɗa ɗaya take haifa, don haka a cire ta daga lissafi shekara uku na farko. Kowace irin dabba da ƙidayarta ta faɗi da kashi ɗaya cikin uku a kan ta bara, bana ba a taɓa ta.

Garuruwan bakin fadama, irin na ƙasar Haɗeja da Auyo da Guri, suna da ƙarin ƙidayar tsuntsayen ruwa. Daga Oktoba zuwa Maris agwagi da wasu tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suna sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, su tarar da na gida kamar kirinjijiya da ɗani da ɗinya. A watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya baki ɗaya. Ku tuntuɓi gidauniyar kare muhalli da namun daji ta Najeriya (NCF), ko cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, ko sashen da ke koyar da gandun daji da namun daji a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Bayero, su turo mai tabarau mai hangen nesa ya koya wa yaranku. Tsuntsayen ruwa na kallo ne da zane a wannan biki, ba na harbi ba.

Yaushe

Bayan an gama kaka, an kwashe gero da dawa da wake, tsakanin ƙarshen Disamba da tsakiyar Fabrairu. Kafin nan karnuka za su tattake amfanin mutane. Bayan nan zafi ya shigo, namun daji sun taru a ɗan ruwan da ya rage, kama su ya zama kisan gilla. Da damina kuwa zabi na kan ƙwai. A duba kalandar Musulunci, don azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, a kuma kauce wa ranar babbar kasuwar yankin, sai dai in so ake rana ta uku ta faɗo a kanta don ciniki. Masu noman rani a gaya musu ranar da wuri, su san karnuka ba za su bi ta kan tumatir da alkamarsu ba.

Takardu

Wata uku kafin biki a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, da sashen gandun daji na ma'aikatar muhalli ta jiha, da baturen 'yan sanda na yankin. Jami'in gandun daji shi zai gaya muku izinin farautar da jiha ke buƙata da dabbobin da doka ta kare. Akwai dokar namun daji ta Arewa ta 1963, akwai kuma dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. Bindigar toka ma tana buƙatar lasisi daga 'yan sanda, komai daɗewarta a gidan.

Maharban da aka gayyato daga wasu garuruwa kowace ƙungiya ta zo da takardar dagacinta, da jerin sunaye, da jerin makaman da ke cikin mota, a kuma sanar da 'yan sandan hanyar da za su bi. Tun bayan kisan mafarauta goma sha shida 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, babu mai hankalin da zai bar baƙonsa ya hau titi da makami babu takarda. A ƙayyade yawan baƙi. Gari huɗu ko biyar, kowanne mutum goma, ya wadatar.

Dokar ranar farauta

A shelanta ta a kasuwa da masallatai mako biyu kafin ranar, a sake karanta ta a bakin daji.

Abin da aka halatta kamawa shi ne wanda ƙidaya ta ba da izini, yawanci zabo, fakara, zomo, gafiya, da gyazbi a garuruwan fadama. Abin da ba a taɓawa ko da shi ya zo ya tsaya a gabanka: ungulu, gauraka, burtu, tuje, shamuwa, mikiya, barewa, dabgi, kunkuru, kada, mesa. Ungulun da da take cika mahauta yanzu tana cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, tun 2015 aka sa ta a wannan sahu, kuma masu sayen kanta don tsibbu suna cikin abin da ya jawo.

Wuta haramun ce. Korar da ake yi da cinna wa ciyawa wuta ita ke cinye maɓoyar zomo da ƙananan bishiyoyi, ta tsallaka ta cinye karan mutane da rumbuna. Haka tarkon waya, da kibiya mai dafi, da hatsin da aka jiƙa da fiya-fiya, da haƙa rami a tono dabba da 'ya'yanta. Bindiga ma shawararmu a bar ta a gida ranar kora. Mutum sittin a cikin ƙurar hunturu, ga karnuka na gudu, harbi ɗaya ya isa ya mayar da biki zaman makoki, kuma bindigar toka da aka cika wa albarushi a hannun mai ita take fashewa. Gora da kare da baka sun isa.

Matsala mafi girma ita ce kare bai san adadi ba. In aka saki karnuka ɗari, zomo uku da aka yanke za su zama talatin kafin kowa ya ankara. Maganin abin uku ne. A taƙaita su, kare huɗu ga kowace ƙungiya ta mutum goma. A riƙe su da igiya sai an tayar da nama sannan a saki biyu. A kuma raba wa ƙungiyoyi zare mai lamba daidai yawan abin da aka yarda a kama: dabba ta faɗi, a ɗaura mata zare a ƙafa nan take, zaren ƙungiya ya ƙare, ta ɗaure karnukanta ta fito. Kowace ƙungiya da alƙalin daji ɗaya, dattijon maharbi daga wani gari ba nata ba, da usur a wuyansa.

Ana shiga ƙarfe bakwai, ana busa ƙaho ƙarfe sha ɗaya, ko an cika adadi ko ba a cika ba. Sahun kora ya bar ɓangaren cibiya a buɗe, kada a yi wa dajin zobe. Mai sakin kare ya ambaci sunan Allah kamar yadda Suratul Ma'ida ta koyar, wanda aka samu da rai a yanka shi nan take, ba a jan sa ana wasa da shi. Rigimar wa ya fara bugu kuwa a kashe ta tun daga gida: nama na ƙungiya ne, ba na mutum ɗaya ba. Duk wanda aka ga alamar ya sha ƙwaya ko sholisho, a karɓe gorarsa ya koma cikin 'yan kallo, komai girman ubangidansa. Kyauta ba ta wanda ya fi kisa ba ce. A ba ƙungiyar da ta fi bin doka, da karen da ya fi jin kira, da maharbin da ya fi karanta sawu.

Gwanintar harbi tana da filinta daban: a yi tudun ƙasa mai tsayin mita biyu ko fiye a bayan abin hari, a kafa faifai ko buhun ƙaiƙayi, baka daga taku ashirin da biyar, 'yan kallo duka a bayan mai harbi, da igiya tsakani.

Lafiyar mutane da karnuka

Wata ɗaya kafin biki a kira malamin dabbobi ya yi wa karnukan gari allurar haukan kare, na baƙi kuma su zo da katinsu. Cizon kare ana wanke shi da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar, sannan a tafi asibiti a ranar. Ko da rani ana samun maciji a cikin busasshiyar ciyawa, musamman kububuwa da kasa. Kowa ya sa takalmi mai rufe idon sawu. A tambaya tun da wuri wane asibiti ne mafi kusa da ke da maganin dafin maciji, a ajiye mota ɗaya da mai a cikinta a bakin daji. Wanda aka sara ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A cire zobe da guru, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi. Na san maharba da yawa za su ce suna da makari. Su ba shi a cikin mota, a kan hanyar asibiti.

Zazzaɓin Lassa daga ɓera yake, kuma da rani ya fi yawa, don haka masu fiɗa su sa safar hannu, a dafa nama ya nuna sosai, yara kada su kama ɓeraye. Tsuntsun da aka tarar a mace, balle in da yawa ne a bakin ruwa, ba a ɗauka, a kira malamin dabbobi saboda murar tsuntsaye.

Gasar zane da sana'a

Kafin a buga sanarwa a zauna da malaman gari kan zanen mai rai, don malamai sun yi saɓani a kai, kuma akwai iyayen da ba za su bar 'ya'yansu su shiga ba. Kada a yi musu, a buɗe rukunai da kowa zai sami wurin shiga. Akwai zanen bishiyoyi da fadama, akwai zanen sawu da gashin tsuntsu, akwai hoton waya, sannan zanen dabbar kanta ga wanda ya natsu da shi. Zanen zabo kaɗai, ɗigo-ɗigon nan fari a kan toka-toka, ya isa mai ɗinkin hula ko mai saƙar faifai ko mai ƙona ƙwarya ta yi abin da za a yi rububinsa. Magina masu zanen bango a ba su katangar makaranta.

Doka ta farko: abin da ke dajin garin za a zana. In ba a faɗi haka ba, yara za su cika muku rumfa da zaki da giwa da suka kwafa daga waya. Mako uku kafin biki kowane aji ya fita da maharbi ɗaya zuwa gefen daji da safe, ya nuna musu yadda fakara ke tashi, inda kurege ke haƙa, bambancin sawun dila da na kare. A raba takarda mai kauri iri ɗaya da fensir da kala, don kada ɗan mai kuɗi ya ci gasa da kayan aiki. Sawun da aka samu a laka ana iya ɗaukar sa: a kewaye shi da kwali, a dama garin filasta irin na adon silin, awo biyu na gari da ɗaya na ruwa, a zuba a hankali daga gefe, a bar shi rabin awa, a ɗaga, sai washegari a goge ƙasar. In aka zuba daga sama kai tsaye, nauyinsa yana rushe sawun.

Dukawa su yi aiki da fatar akuya da tunkiya da saniya kawai. Fatar kada, mesa, guza ko damo ba ta shiga fili, ko tsohuwa ce, don ba mai iya tantancewa. Kan burtun da maharba ke ɗaurawa a goshi su yi sanɗa, a sa masassaƙa su yi na itace a yi wasan da shi. Masu wasa da kura da biri da maciji ba a gayyatar su, masu shimfiɗa kawunan tsuntsaye da fatu a matsayin magani ba a ba su wuri. Masu hoto ba a karɓar hoton sheƙa mai ƙwai ko na dabbar da ke ɗaure.

Alƙalai uku: malamin zane, dattijon maharbi, da mai ilimin tsuntsaye daga waje. Maki ɗari: arba'in ga kama da ainihin abin, talatin ga gwaninta, talatin ga nuna inda yake rayuwa. A rufe sunaye, lamba kaɗai alƙali zai gani, in ba haka ba ɗan dagaci ne zai riƙa ci. Rumfar baje koli ta juya baya ga arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, a kewaye da zana, a sa kowane zane cikin farar leda a maƙale a igiya. A ware safiya ɗaya ta mata zalla, don matan da ba sa shiga taro su zo su ga aikinsu a rataye.

Zanen da ya zo na ɗaya shi za a buga a tikitin baɗi da kalandar biki, da sunan mai shi, bayan an rubuta yarjejeniya da shi ko da iyayensa. Sauran a yi gwanjonsu: kashi 60 na mai aiki, 40 na asusun daji.

Kuɗi

Asusu biyu ake yi, ba a haɗa su. Hidimar biki, wato rumfa, abinci, makaɗa da kyaututtuka, daga gudummawar 'yan kasuwa da 'yan gari mazauna birni take fitowa. Kuɗin rajistar ƙungiyoyi, da tikiti, da kuɗin rumfunan masu sayarwa, da kason gwanjo, na daji ne, ko kujera ɗaya ba a haya da su. Kwamitin da ya haɗa su zai wayi gari ya tarar shinkafar manyan baƙi ta cinye albashin masu gadi. A buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, ɗaya maharbi, ɗaya mace, a buga rasit mai lamba. Ɗan siyasa ya ba da gudummawa a gode masa a lasifika, amma fostarsa ba ta shiga fili.

Rabon da muke ba da shawara: rabi ga gadi da hanyar wuta (filin da ake sharewa kewaye da daji don tare gobara), kashi 20 ga dashen bishiya, 15 ga diyyar manomi ko makiyayin da dabba ko kare ya yi wa ɓarna, 15 a ajiye. Kason diyya kada a raina shi. Da zabi sun yawaita za su shiga gonakin bakin daji lokacin shuka, manomin da ba a biya ba kuwa shi zai zuba guba.

Kwana ukun da abin da ke biyo baya

Rana ta farko ta yara da masu sana'a ce: baje koli, alƙalanci, fita kallon tsuntsaye da la'asar, da dare kiɗan tauri da kirarin maharba. Rana ta biyu farauta da safe, ƙirga abin da aka kama a gaban jama'a a daidaita shi da zaren da aka raba, gasar baka da yamma. Rana ta uku gwanjo da kyaututtuka, sannan Sarkin Baka ya tashi a gaban dagaci ya shelanta an rufe daji sai baɗi, a faɗi tarar wanda aka kama a ciki. Tarar ta kasance abin da za a iya karɓa da gaske, kamar kuɗin akuya ɗaya da hana shi shiga bikin gaba. Wanda ya sake, a miƙa shi ga jami'in gandun daji.

Cikin mako biyu a karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a ranar kasuwa, a manna kwafi a ƙofar gidan dagaci. Masu gadi mutum huɗu zuwa shida, bibbiyu suke fita, ba a ranaku sanannu ba, suna kwance tarko suna rubuta abin da suka gani. A Maris ko Afrilu a fara renon bishiya a leda: gawo, bagaruwa, ɗorawa, tsamiya, aduwa, kanya, magarya, kurna, waɗanda namun daji ke cin 'ya'yansu ko su ɓuya a ƙarƙashinsu. Irin gawo da bagaruwa yana da tauri, a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana kafin a shuka. A dasa a Yuli da ruwa ya zauna, rami mai zurfin kamu biyu, kowace a kewaye ta da ƙaya. Ɗari biyu da aka kare daga awaki aka shayar a ranin farko sun fi dubu biyu da aka dasa don hoto. Garuruwan fadama kuma su sa wani kaso a yankan kachala, ciyawar nan mai toshe hanyoyin ruwa, a yanke ta ƙasa da saman ruwa don ta ruɓe, in aka yanke a sama sake tohowa take yi.

Hanyar wuta a Oktoba ake share ta, kafin ciyawa ta bushe ƙarau, faɗin mita biyar zuwa shida kewaye da dajin, da wata kewaye da cibiya. Daga nan sai ƙidayar Nuwamba, a kan layukan bara, da littafin bara a hannu. In lissafi ya nuna babu abin da ya kai a kama, a sanar da ƙungiyoyin baƙi tun farkon Disamba cewa bana gasar baka da bin sawu da zane za a yi, a kuma rage musu kuɗin rajista zuwa rabi.